DODON KOƊIN DA YA JUYA HAGU: LACCA KAN WATA HALITTA TA TSIBIRAN SAO TOME DA PRINCIPE



Muna godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ba mu dama mu tsaya a gabanku. Mun san da jin kan maganarmu akwai wanda ya ce a ransa, duk matsalolin da suka dami jama'a a rasa abin da za a tara mutane a kansa sai dodon koɗi? Tambayar ta dace. Abin da mu ke roƙo shi ne a ba mu aron hankali na ɗan lokaci, domin a cikin labarin wannan halitta akwai darasi kan yadda a ke sanin abu da sunansa, da kuma irin ɓarnar da kan biyo baya idan masu riƙe da al'amuran jama'a suka yi aiki ba tare da wannan sani ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalmomi. A cikin wannan lacca, idan muka ce dodon koɗi muna nufin dabbar ita kanta. Idan kuwa muka ce katantanwa, muna nufin ɗakin nan mai tauri da ta ke ɗauke da shi a baya, wanda yara kan fafe su yi wasan koɗi da shi.

INDA YA KE ZAUNE

A cikin Mashigin Tekun Gini, kudu da Nijeriya, akwai tsibirai guda huɗu a jere: Bioko, Principe, Sao Tome da Annobon. Dukkansu aman wutar duwatsu ne ya haife su, kuma suna kan layi ɗaya da Dutsen Kamaru. Wannan layi bai tsaya a bakin teku ba, ya miƙe cikin tudu har masana suna lissafa tsaunukan Biyu na Jihar Borno a cikinsa. Biyu na tsakiya, watau Sao Tome da Principe, su ne suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya, wadda ta sami mulkin kai daga Fotugal a 1975. Kowanensu yana da nisan sama da kilomita 200 daga gaɓar Afirka, tsakaninsu kuma akwai kimanin kilomita 150 na ruwa. Dutse mafi tsawo a Sao Tome ya kai mita 2,024.

Abin lura a nan shi ne, Bioko ya taɓa haɗewa da babban yankin Afirka a zamanin da ruwan teku ya ja da baya, amma Sao Tome da Principe ba su taɓa haɗewa da ko'ina ba. Saboda haka duk wata halitta da ke kansu tun asali, sai da kakanninta suka ƙetare teku. Tsuntsu ya zo da fiffike, ƙwayar itace ta zo da iska ko a cikin tsuntsu. Halittu marasa sauri kuwa, irin su kwaɗi da dodon koɗi, masana suna ganin sun iso ne bisa tarkacen itatuwa da ciyayi waɗanda manyan koguna irin su Kwango ke kwasowa su zuba a teku. Wanda ya tsira ya iso, ya yanke hulɗa da danginsa, zuriyarsa kuma ta yi ta sauyawa cikin dubban dubban shekaru har ta zama wani iri dabam wanda babu shi a ko'ina cikin duniya. Lokacin da jiragen Fotugal suka iso wajen 1470, ba su tarar da ɗan Adam ko ɗaya a tsibiran ba, sai daji.

A cikin wannan daji ne dodon koɗinmu ya ke. Mutanen wurin suna kiransa buzio d'Obo, watau dodon koɗin ƙurmi, wasu kuma su ce buzio preto, watau baƙin dodon koɗi. Masana kimiyya kuwa suna kiransa Archachatina bicarinata.

SUNA LINZAMI NE

Me ya sa ba a bar shi da sunan da mutanen ƙasarsa suka ba shi ba? Dalili shi ne sunan gida ba ya ƙetare iyaka. Mu da kanmu muna da dodon koɗi, da katantanwa, da alkoto, kuma duk irin da muka gani sunan ke nan, alhali kuwa ire-iren sun fi a ƙirga. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Karl Linnaeus, shi ya tsara hanyar da a ke bi har yau, inda kowace halitta ke da suna mai kalma biyu cikin Latin: ta farko sunan jinsi, ta biyu sunan iri. A ɓangaren dabbobi, an ɗauki bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, wanda ya fito a 1758, a matsayin mafarin lissafi.

Tsarin ya yi kama da yadda mu kan bi salsalar mutum, daga al'umma zuwa ƙabila, zuwa zuriya, zuwa gida. Dodon koɗinmu yana cikin babban rukunin Mollusca, watau dabbobi masu taushin jiki marasa ƙashin baya. A cikinsu yana ajin Gastropoda, kalmar Girkanci mai ma'anar masu tafiya da ciki. Daga nan sai Stylommatophora, waɗanda idanunsu ke kan tsinin dogayen ƙahoni, suna kuma shaƙar iska da wani abu mai aikin huhu. Sai dangin Achatinidae, wanda a cikinsa ne mafi girman dodon koɗin tudu na duniya su ke, asalinsu kuwa Afirka ne. Sunan dangin ya fito daga kalmar Girkanci ta dutsen adon nan mai zane-zane da Larabawa ke kira aƙiƙ, saboda zanen da ke jikin katantanwarsu. Dodon koɗin nan masu siririyar katantanwa da ke fitowa a gonakinmu da damina, da yawansu 'yan wannan dangi ne, daga jinsin Limicolaria.

Sunan da ya ke ɗauke da shi yau bai zo masa a rana ɗaya ba. Wani Bafaranshe, Jean Guillaume Bruguière, shi ya fara bayyana shi a 1792, ya kira shi Bulimus bicarinatus. A wancan zamani Bulimus tamkar buhu ne da a ke zuba kowace doguwar katantanwa ta tudu a ciki. A 1799 Lamarck ya kafa jinsin Achatina, daga baya aka mai da dodon koɗinmu can. A 1850 kuma wani likita Bajamushe, Johann Christian Albers, ya ware wani rukuni ya kira shi Archachatina, kuma wannan iri na tsibiri shi ne ma'aunin rukunin, watau shi ne a ke gwada sauran da shi kafin a ce sun shiga. Saboda wannan ƙaura ne za ku ga a littattafai an rubuta sunan Bruguière da shekarar 1792 cikin baka bayan sunan dabbar. Bakan yana gaya wa mai karatu cewa wanda ya raɗa sunan ba a wannan jinsi ya sa shi ba tun farko.

Akwai marubutan da suka kira shi sinistrorsa, watau mai juyawa hagu, sunan da ya dace da shi ƙwarai. Amma dokar raɗa suna ta ce sunan da ya riga fitowa bisa ƙa'ida shi ke tsayawa. Ba don wannan doka ba, da kowane masani ya ƙirƙiro nasa, da kuwa an koma gidan jiya.

KARATUN KATANTANWA

To, da me masani ke gane wannan iri daga wancan? Kafin a iya binciken ƙwayoyin gado, katantanwa ce babbar shaida, har yau kuma ita ce ta farko da ke zuwa hannu, domin nama kan ruɓe amma ita ta kan yi shekaru.

Dabbar da kanta ta ke gina ta. Akwai wata fata a jikinta da ke fitar da sinadarin farar ƙasa, tana ƙara shi a gefen baki kaɗan kaɗan, saboda haka katantanwa daga baki ta ke girma. Tsininta shi ne mafi tsufa, domin tun cikin ƙwai aka gina shi. Daga tsini sai zagaye-zagaye, kowane ya fi na samansa faɗi, layin da suka haɗu kuma mu kan kira shi ɗinki. A tsakiya akwai ginshiƙi wanda zagayen ke naɗewa a kansa. Sai baki inda dabbar ke fitowa, da leɓen da ya kewaye shi. Daga waje kuma akwai wani siririn shafe, mai kāre farar ƙasar daga zaizayewa. Kowane ɗayan waɗannan yana da abin da ya ke faɗa wa wanda ya iya karatu.

Mu fara da tsini. Jinsin Achatina, irin su Achatina achatina da ya shahara a kurmin Gana, tsininsu siriri ne mai kaifi. Jinsin Archachatina kuwa tsininsu dagumi ne, mai faɗi kamar kan yatsa. Wannan bambanci yana da tushe. 'Yan Achatina kan zuba ƙananan ƙwai masu yawa, har ɗaruruwa a zubi ɗaya, ɗan da ya fito kuwa ƙarami ne, don haka zagayensa na farko ƙanana ne. 'Yan Archachatina kan zuba manyan ƙwai 'yan kaɗan, wajen goma ko ƙasa da haka, masu tauri kamar na tsuntsu, ɗan kuma ya fito da girmansa, da faffaɗan tsini. Ashe ke nan wanda ya dubi tsinin katantanwar da ya tsinta a ƙasa, zai iya faɗin irin ƙwan da mai ita ya fito daga ciki.

Sai ginshiƙi. A jinsin Achatina da Archachatina, ƙasan ginshiƙin a datse ya ke, kamar an sa wuƙa an yanke shi kafin ya haɗu da leɓe. A Limicolaria na gonakinmu babu wannan datsi, ginshiƙin ya zarce ya haɗu da leɓe sumul. Da wannan alama kaɗai ɗalibi zai iya raba ɗan ƙaramin Achatina da babban Limicolaria, ko da tsawonsu ɗaya ne.

Idan muka zo kan buzio d'Obo shi kansa, katantanwarsa babba ce, takan kai tsawon santimita 15, tana da kauri, zagayenta shida ne ko bakwai. Launinta duhu ne, tsakanin ƙasa-ƙasa da baƙi, abin da ya jawo masa sunan baƙin dodon koɗi, cikin bakin kuma yana da hasken shuɗi-shuɗi. Kalmar bicarinata tana nufin mai doro biyu, tana nuni ga wasu tudu marasa kaifi da ke bin babban zagayen. Amma alamar da ta fi kowace fitowa fili, wadda ko yaro zai gane, ita ce hannun da katantanwar ta juya.

HAGU DA DAMA

Ga yadda a ke gwadawa. Ka riƙe katantanwa tsininta na kallon sama, bakinta na fuskantarka. Idan bakin ya faɗo a hannunka na dama, ta dama ce. Idan ya faɗo a hagu, bahaguwa ce. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ire-iren dodon koɗin duniya na dama ne, haka ma manyan 'yan'uwansa na kurmin Afirka ta Yamma. Archachatina bicarinata kuwa bahago ne, kuma haka irin duka ya ke.

Wannan juyi ba a katantanwa kaɗai ya tsaya ba. Dukkan kayan cikin dabbar a juye su ke, kamar hoton da madubi ke nunawa. An daɗe ana binciken yadda hakan ke faruwa, musamman a jikin wani dodon koɗin ruwa mai suna Lymnaea. A 1923 wasu Ingilawa biyu, Boycott da Diver, suka buga sakamakon kiwon da suka yi, wani Ba'amurke kuma mai suna Sturtevant ya warware ma'anarsa a wannan shekara: gadon da ke jikin uwa shi ke yanke hannun da ɗa zai juya, ba gadon ɗan ba. Al'amarin yana tabbata tun ƙwai yana rabuwa daga gida huɗu zuwa takwas. A 2016 aka gano ƙwayar gadon da ke da hannu a wannan aiki a jikin Lymnaea, a 2019 kuma masana a Japan suka taɓa ta da gangan, suka mai da na dama bahago.

Juyin yana da sakamako babba. Kowane dodon koɗi na wannan rukuni yana ɗauke da halittar namiji da ta mace a jiki ɗaya, amma galibi sai biyu sun haɗu a ke samun 'ya'ya, kafar haihuwa kuwa tana gefe ɗaya na wuya. Bahago tasa tana ɗaya gefen. Saboda haka barbara tsakanin bahago da na dama tana da wuya ƙwarai, musamman ga masu dunƙulalliyar katantanwa. A wuri killatacce kamar tsibiri, inda 'yan kaɗan ne suka kafa zuriya, irin wannan katanga tana iya taimakawa wajen ware sabon iri.

Ba shi kaɗai ne abin mamaki a tsibiran ba. A Principe akwai Columna columna, siriri dogo, shi ma bahago. A Sao Tome kuma akwai wani ƙarami da bai kai santimita ɗaya ba, Thyrophorella thomensis, wanda Greeff ya bayyana a 1882. Shi wani ɓangare na katantanwarsa yana da maɗauri kamar ƙyaure, in ya shige ciki sai ya rufo. Saboda wannan siffa an daɗe ana ajiye shi a dangi nasa shi kaɗai, sai da binciken ƙwayoyin gado ya zo ya nuna cewa ɗan'uwan su Achatina ne. Wannan yana tuna mana cewa katantanwa, duk da amfaninta, takan ruɗi mai kallo. Kama da wane ba ta wane, rashin kama kuma ba ya raba zumunta.

HALIN DA YA KE CIKI

Yanzu mu zo ga abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Tun daga ƙarshen ƙarni na 15 aka fara sare dajin tsibiran domin noman rake. A ƙarni na 19 aka koma kan kofi da koko, har a farkon ƙarni na 20 Sao Tome ta shiga sahun gaba a duniya wajen fitar da koko. Dajin asali ya rage ne a kan duwatsu da kwazazzabai masu wuyar shiga. Ga shi kuma mutanen ƙasar suna cin naman buzio d'Obo, suna kuma amfani da shi a maganin gargajiya. Dabbar da ƙwanta kaɗan ne, in ana ɗibarta fiye da yadda ta ke haihuwa, ba a buƙatar dogon lissafi kafin a san ƙarshen abin.

Sannan ga baƙo. A cikin ƙarni na 20 aka shigo da Archachatina marginata daga babban yankin Afirka ta Yamma. Wannan shi ne babban dodon koɗin nan da a ke sayarwa a kasuwannin kudancin Nijeriya, a ke kuma kiwonsa. Jinsinsu ɗaya da na tsibirin, amma shi na dama ne, katantanwarsa ta fi haske, mutanen wurin suna kiransa buzio vermelho, watau ja. Shi ba ruwansa da sai ƙurmi. Gona, bayan gida, juji, duk yana rayuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: duk inda aka sare daji, ja ya shiga, baƙi ya ja da baya. Masu bincike sun lura cewa ba safai a ke samun su biyun a wuri ɗaya ba, suna kuma zargin gasar abinci da cututtukan da baƙon ke iya ɗaukowa. A 2010 Martin Dallimer da Martim Melo suka buga rahoto kan saurin raguwar baƙin a Principe. Tun 1996 sunansa ke cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana na ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya. A 2006 gwamnatin ƙasar ta kafa gandun Obo a tsibiran biyu, wanda ya killace mafi yawan dajin da ya rage.

Lamarin ba mai sauƙin yankewa ba ne. Jan dodon koɗin ya zama nama mai arha ga talakawan ƙauye, ya kuma zama sana'a ga masu tsinta da masu sayarwa. Ba za a ce wa mai jin yunwa ya bar abinci ba. Hanyar da masu aikin kiyayewa suka bi ita ce a koya wa jama'a, har da 'yan makaranta, su ci ja su bar baƙi. A nan ne duk abin da muka faɗa kan katantanwa ya zama abin aiki, domin mai tsinta ba ya buƙatar Latin. Ya ɗaga ta ya duba: in baki na dama, ya sa a buhu, in na hagu, ya mai da shi inda ya ɗauko.

ABIN DA YA SHAFE MU

Akwai misalin da ya kamata duk wanda zai riƙe ofis ya sani. A 1967 aka kai wani babban dodon koɗin Afirka ta Gabas, Achatina fulica, tsibirin Tahiti a Tekun Fasifik domin ci. Ya kuɓuce, ya bazu zuwa maƙwabtan tsibirai, ya addabi gonaki. Hukuma ta nemi magani, aka kawo wani dodon koɗi mai cin 'yan'uwansa daga Amurka, Euglandina rosea, aka sake shi a tsibirin Moorea a 1977. Maimakon ya tasar wa babban, sai ya faɗa wa ƙananan dodon koɗin itatuwa na jinsin Partula, waɗanda babu su a ko'ina sai tsibiran Fasifik. Cikin shekara goma aka neme su a dajin Moorea aka rasa. Waɗanda suka tsira, masana ne suka kwashe su aka yi ta kiwonsu a gidajen namun daji na Turai da Amurka, sai bayan shekaru masu yawa aka fara mai da zuriyarsu gida. Waɗanda suka ba da izinin sakin nan nufin alheri gare su. Abin da suka rasa shi ne sanin abin da ke zaune a dajinsu.

Da yawa daga cikinmu za su sami kansu a ma'aikatar gona, ko gandun daji, ko kwastan, ko lafiya. Wata rana takarda za ta zo teburinku ana neman izinin shigo da wani iri, ko sakin wani ƙwaro don ya kashe wani, ko share wani daji. Ba kowane baƙo ne mugu ba, ga darbejiya nan da aka kawo daga Indiya muna shan inuwarta. Amma kafin a sa hannu, wajibi ne a tambayi sunan abin na ainihi, da abin da ya ke ci, da wanda zai tarar a wurin.

Ga kuma misali daga ƙofar gidanmu. Tsargiya, watau fitsarin jini da ke damun yara a garuruwan da ke kusa da madatsun ruwa da gonakin rani, tsutsar da ke kawo ta sai ta bi ta jikin wani ƙaramin dodon koɗin ruwa mai suna Bulinus. Bulinus bahago ne. Lymnaea, wanda ke ɗaukar tsutsar hantar shanu, na dama ne. Biomphalaria, mai ɗaukar irin cutar da ke kama hanji, katantanwarsa a shimfiɗe ta ke kamar faifai. Akwai wasu bahagwai a ruwa waɗanda ba Bulinus ba, saboda haka hukuncin ƙarshe na masani ne, amma malamin tsabta da ya iya wannan gwaji na hagu da dama ya riga ya san tafkin da zai fara sa wa ido.

Muna ba da shawara ga ɗaliban kimiyya da ke nan, idan damina ta sauka, su tattara katantanwar da ke kewayen garuruwansu, su rubuta wuri da rana a jikin kowace, su tambayi dattawa sunan da a ke kiranta da shi, su kai sashensu a ajiye. Irin wannan ƙaramin aiki, na tsinta da aunawa da rubutawa, shi ne ya sa yau a ke iya cewa buzio d'Obo yana raguwa, domin ba a sanin an yi asara sai in an san abin da a ke da shi tun farko.